Yadda Za Ka Ɗaura Wa Tsohuwar Hilux Sabbin Rim

Kafin ka ba mai kaya ko sisi, ƙirga ramukan noti. Hilux mai jan ƙafa huɗu ramuka 6 gare ta, faɗin da'irar da suke kai milimita 139.7 ne, amma wasu tsofaffin masu jan baya kaɗai 5 ne. In ba su dace ba, zance ya ƙare.

Sai ka duba ramin tsakiya, na Hilux mai ramuka 6 milimita 106 ne. Na wasu motocin Mitsubishi ya fi ƙanƙanta, ba zai shiga ba ko da ramukan noti sun yi daidai.

Ka ajiye motar a ƙasa mai tauri, ka ja birkin hannu, ka tare tayar baya da dutse. Sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan ka ɗaga da jak. Goge tsatsar mazaunin rim da burushin ƙarfe.

A nan ake yawan kuskure: rim ɗin alminiyom na Toyota yana son noti mai washa, tsohon notin rim ɗin ƙarfe kuwa bakinsa tsini ne. Ka haɗa su, wata rana taya ta riga ka isa Zariya.

Ɗaura da hannu tukuna, sannan ka matse ɗaya ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa. Juya sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, ka saurara ko taya na goga, domin wasu sabbin rim sun fi nutsewa ciki. Bayan tafiyar kilomita 50, sake bin notunan da sifana.