Cire Gashi da Leza: Shiri da Kulawa a Yanayin Katsina

1. Mako 4 zuwa 6 kafin ranar da za a cire miki gashi da leza, ki daina halawa da tsige gashi. Hasken leza saiwar gashi yake bi, in an tumɓuke ta aikin banza ne.

2. Ki ajiye man bilicin, ki guji rana na mako 2. Ki tambayi irin na'urar: lezar da ake kira Nd:YAG, mai tsawon zangon haske 1064 nm, ta fi dacewa da baƙar fata, domin tana ratsawa ciki kuma ba ta cika ƙona saman fata ba. Kada ki yarda sai an fara gwadawa a ɗan wuri.

3. Ana gobe, ki aske da reza. Ranar kuwa, babu mai, babu turare.

4. Bayan an gama, ja da ƙananan ƙuraje ba abin tsoro ba ne. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta, ki ɗora minti 10. Awa 48 babu ruwan zafi, babu dilka, babu turaren tsuguno. Ranar Katsina a watan Afrilu takan bar baƙin tabo, don haka man kariya daga rana mai ƙarfin SPF 30 dole ne. Da hunturu ki ƙara da mai marar ƙamshi.

5. Gashin zai zube cikin mako 1 zuwa 3, kada ki ja shi. In wurin ya yi bororo, ki ga likitan fata.