Yadda Ake Gwada Ƙasar Gida da Kwashe Gubar Dalma

A shekarar 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Duwatsun zinariya masu ɗauke da gubar dalma ake dakawa a cikin gida, ƙurar dalma ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma ba ta wari kuma ba ta ruɓewa, sai an kwashe ƙasar.

Kafin komai, a daina daka ko niƙa dutse a gida, a raba yara da wurin da ake zargi.

Daga nan sai gwaji, domin ido ba ya gane wannan guba. A nemi jami'an ma'aikatar muhalli ko ta lafiya ta jiha. Akwai na'urar hannu mai suna XRF da ake ɗorawa a kan ƙasa, nan take ta faɗi yawan dalmar. In kuma ɗakin gwaji za a kai, a ɗebi ƙasar sama-sama daga gindin turmi, madafa, bakin rijiya, zaure da ɗakin kwana, kowacce a ledarta, a rubuta inda aka ɗebo ta. Kada a gauraya su, don wuri ɗaya mai guba kan ɓace a cikin sauran. Ma'aunin da aka yi aiki da shi a Zamfara, wato iyakar da bai kamata a haura ba, shi ne miligiram 400 na dalma a kowane kilo na ƙasa. Wasu wuraren sun haura 100,000.

Kwashewa ita ce babban aiki. A fara yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, masu aiki su rufe hanci da baki. A kankare saman ƙasar da fartanya da shebur kamar santimita 5, wato faɗin yatsu uku, a zuba a buhuna a ɗaure. A sake gwada wurin, in da saura a ƙara kankarewa. Buhunan kuwa sai ramin da hukuma ta keɓe, nesa da rijiya da gona. Kada wani ya yi kwaɗayin ƙasar ya buga tubali ko ya yi yaɓe da ita, gubar ce zai mayar jikin bango.

Bayan haka a kawo sabuwar ƙasa da aka gwada a shimfiɗa a daɓe. Ɗaki mai siminti a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. Turmin da ya daka dutse kada a ƙara aikin abinci da shi.

A kai yara gwajin jini ko da suna wasansu lafiya lau. A lokacin aikin Zamfara, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba sa fara ba da maganin fitar da dalma sai an tsabtace gari, shi ya sa yaran ƙauyen Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka suka jira har 2013. Mai zuwa haƙar zinariya kuma ya yi wanka ya sauya kaya a wurin aiki kafin ya shigo gida.