Yadda zaki kama sabuwar sana'a bayan kin haura 40 ba tare da kin rusa abinda kika gina ba

Akwai wani tunani da yake zuwa ma mace tsakanin shekara 40 zuwa 50, yawanci cikin dare ne bayan kowa yayi bacci, ki kwanta idonki biyu kina cewa wai yanzu shikenan haka zan ƙare? Wata aikin ofis ne ya gundure ta bayan shekara 20 a kujera ɗaya, wata tun haihuwar fari ta ajiye aiki gashi yanzu yara sun girma gida yayi tsit, wata rasuwar miji ce ko rabuwar aure ta tashe ta tsaye, wata kuma rage ma'aikata akayi sunanta ya fito a ciki. Ni tawa ta ƙarshen ce, ina da 44 aka kira ni aka miƙo min takarda, wallahi sai da nayi wata uku ban iya faɗa ma kowa ba in banda mutanen gida. Abinda zan rubuta anan shine abinda naso ace wata ta zaunar dani ta gaya min a lokacin.

Bari mu fara da maganar nan ta "ai na makara", domin ita ce take ɗaure ƙafa. Wani farfesa a jami'ar MIT ta Amurka, Pierre Azoulay, shi da abokan aikinsa sun bi bayanan mutum wajen miliyan 2.7 da suka kafa kamfani a ƙasar, sai suka tarar kamfanonin da suka fi kowane saurin bunƙasa, matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa su 45 ne. Amma abinda yafi ɗaukar hankalina a binciken ba shekarun bane, sun gano cewa wanda ya taɓa aiki a fannin da ya buɗe kamfanin yafi samun nasara nesa ba kusa ba. Kuma in kin duba matan da ake ta kawo misali dasu haka abin yake. Mary Kay Ash ta shafe shekaru sama da 20 tana tallan kaya gida-gida, har aka ɗaga namijin da ita ta koya ma aiki aka ɗora shi sama da ita, sannan a 1963 tana da 45 ta buɗe kamfaninta na kayan kwalliya da dala 5,000. Falguni Nayar ta Indiya ta daɗe tana harkar zuba jari a bankin Kotak Mahindra kafin ta fita ta kafa Nykaa, kamfanin sayar da kayan kwalliya a intanet, a 2012 tana dab da cika 50. Vera Wang kuwa ta yi shekaru sama da 15 a mujallar Vogue kafin ta buɗe shagon rigunan amare a 1990, kuma mahaifinta mai hali ne shi ya tallafa mata, gara a riƙa faɗin wannan ɓangaren ma don kar mace ta zauna tana ganin gazawarta a banza. Babu ɗayarsu da ta fara daga sifili, kowacce akan abinda ta sani ta ɗora.

Toh ke ma daga nan zaki fara. Ki samu littafi da biro, ki ware awa ɗaya, ki rubuta duk abinda kika taɓa yi da hannunki ko da kanki a shekara 20 da suka wuce. Kar ki rubuta sunan muƙami, "sakatariya" ko "malama" baya gaya ma kowa komai, ki rubuta ainihin aikin: na tsara jadawalin mutum 30, na sasanta kwastoman da yazo yana kumfar baki, na koya ma sabbin ma'aikata aiki, na yi jinyar mahaifiyata shekara huɗu ina bin magungunanta da ranakun ganin likita ba tare da na taɓa cakuɗawa ba. Eh har da na gida, dan Allah kar ki tsallake shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali da ba'a biyan kuɗi akai mata ne ke yinsa, aiki ne na gaske, rashin albashi ne kawai yasa muke raina shi. In kin gama sai ki tambayi mutum biyar da suka sanki a wurare daban-daban, ki ce in matsala ta taso miki wace iri ce zaki fara tunanin kirana akai? Ni uku cikin biyar ce min sukayi lissafi, alhali ni ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba saboda yana min sauƙi, kuma yau dashi nake ci, ina riƙe ma ƙananan 'yan kasuwa littafin shige da ficen kuɗinsu.

Sai kuɗi, kuma anan zan ɗan daɗe don anan mata da yawa suke karyewa. Kafin ki taɓa komai ki san nawa ne mafi ƙarancin abinda gidanki yake ci a wata, haya ko biyan bashin gida, makaranta, magani, sufuri, wuta, waya, duk wanda kike ɗauke da nauyinsa. Ki duba bayanin banki na wata shida baya, kar ki yi da ka, abinda kai ke faɗa kullum yana ƙasa da gaskiya. Wannan adadin sau shida shine abinda nake so ki tara a wani asusu daban kafin ki yi maganar ajiye aiki, in kuma ke kaɗai ce ke riƙe da gidan to ki nufi na shekara guda. Sabuwar sana'a bata fara ciyar da mai ita da wuri, kuma macen da haya ke bin ta a guje duk farashin da aka taya zata sallama, duk aikin da aka miƙo zata karɓa ko da na wulaƙanci ne. Kuɗin fansho ki barshi inda yake. Kuɗin sallama daga wurin aiki ko gadon da ya faɗo miki, ki bari ya kwana biyu kafin ki yanke masa hukunci, domin daidai lokacin ne masu daɗin baki suke ɓullowa, wannan yace ki kawo a juya miki riba ninki biyu a wata, waccan tace ki shigo harkarsu amma sai kin sayi kaya kin kuma kawo mutum biyar a ƙarƙashinki. Duk harkar da samunki ya dogara da jawo wasu su zuba kuɗi ki gudu, duk aikin da sai kin biya kafin a ɗauke ki ki gudu. Na san ƙawata da kuɗin sallamarta na shekara 18 suka tafi a haka cikin wata biyu, har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Idan kuma kina da aiki a hannu yanzu, ko ya ishe ki har wuya, ki riƙe shi tukun ki gwada sabon abin a gefe. Herminia Ibarra, farfesa a London Business School da ta daɗe tana bin mutanen da suka canza aiki a tsakiyar rayuwa, abinda take koyarwa shine ba'a zaune ake gano sabuwar hanya ba, sai an taɓa abin an gani sannan tunani yake daidaita. Don haka ki zaɓi abu ɗaya, biyu in ya yi yawa, ki bashi wata uku, awa biyar ko shida a sati. Kuma gwajin gaskiya shine ki samu wanda ba ɗan uwanki ba, ba ƙawarki ba, ya ciro kuɗi ya biya ki. Yabon 'yan uwa yana da daɗi amma ba shi ne ma'auni ba. Ki riƙa rubuta nawa ya shigo, nawa ya fita, awa nawa ya ci, sannan yaya kike ji in kin gama, gajiya mai daɗi ce ko irin wadda kika gudo ma. Wata zata gane tana son ɗinki amma bata son hulɗa da masu kawo ɗinki, kinga gara ta sani a wata uku da ace sai ta kama shago.

Karatu yana da kyau, gemu ma baya hana ilimi balle furfura, amma ki kiyayi tara satifiket don ɓoye tsoro. Ki buɗe tallan guraben aiki guda goma na fannin da kike so, ki ga me suke ta maimaitawa, shi kaɗai zaki je ki koya. In aikin na buƙatar lasisi ne kamar jinya ko koyarwa to babu gajeriyar hanya sai makaranta, in kuwa sarrafa manhajar lissafi ta Excel ne ko tallata kaya a intanet, gajeren kwas a shafukan koyo na intanet irin su Coursera ko edX ko ma YouTube ya isa ki fara.

Ga wadda ta daɗe a gida kuma tana son komawa aiki, kar ki ɓoye shekarun a CV kuma kar ki yi ta bada haƙuri akansu. Layi ɗaya ya isa, daga shekara kaza zuwa kaza na kula da iyali, sai ki wuce kan abinda kika iya. Tun 2022 LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ma ya saka gurbin rubuta irin wannan hutun, kuma akwai manyan kamfanoni masu shiri na musamman don masu dawowa aiki bayan dogon hutu, bankin Goldman Sachs na Amurka ya fara nasa tun 2008, ki bincika ko akwai irinsa a fanninki.

Amma gaskiya yawancin ƙofofi ba CV ke buɗe su ba, mutane ne. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki yafi zuwa ma mutum ta bakin waɗanda sanin sama-sama ne tsakaninsu, ba aminai ba, dalili kuwa aminanki abinda kika sani shi suka sani. Tsohuwar abokiyar aiki da kuka yi shekara takwas baku gaisa ba, 'yar ajinku, maman abokin ɗanki, su zaki nema. Kar ki ce a nemo miki aiki, wannan nauyi ne mutum zai yi ta kauce miki. Ki ce, Anti ina tunanin shiga harkar da kike ciki ne, ko zaki bani minti 15 in miki tambayoyi? Ki tambaye ta me tafi tsana a aikin, me ta so ace ta sani tun farko, sannan wa kuma take ganin ya kamata ki yi magana dashi. Mutum ɗaya a sati, da rashin tayi akan bar arha. Ni kwastomata ta farko ta haka ta zo, ta hannun matar da ban ma da lambarta sai da na nema.

Jikinki ma yana cikin lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin 45 da 55, kuma kafin nan ana iya shan fama da zafin jiki mai tasowa kwatsam, rashin bacci, mantuwa, saurin fushi. In kin karanta shafi ɗaya sau uku bai zauna ba kar ki ce kanki ne ya toshe, ki ga likita, akwai taimakon da ake bayarwa, sannan ki ajiye aiki mai wuya a lokacin da kanki yafi sakewa a rana.

Mutanen gida kuma ki zaunar dasu da takarda a hannu, ko maigida ne ko yaran da suka tasa. In kika ce "ina son canza rayuwata" tsoro zasu ji, in kika ce zan gwada abu kaza na wata uku, ranar kaza da kaza bana nan daga ƙarfe kaza, ga abinda zai ci ga kuma aikin gidan da nake so a karɓar min, zasu fi fahimta. Ba lallai kowa ya tafa miki ba, ki nemi mace ɗaya da take kan irin hanyar ku riƙa waya duk sati kuna tambayar juna me aka yi.

Yaushe zaki ajiye tsohon aikin? Ni ma'aunina shine sabon abin ya biya wancan mafi ƙarancin kuɗin gidan wata uku a jere, asusun wata shida kuma yana nan ba'a taɓa ba. Ki karanta takardar ɗaukarki aiki ki ga notis na kwana nawa ake bayarwa da me zai faru da inshorar lafiyarki da fanshonki in kin fita, ki yi sallama da kowa lafiya ko da an ɓata miki, domin a cikinsu ne wasu zasu turo miki kwastoma. Sannan ki shirya ma cewa a sabon wurin ƙila wadda zata duba aikinki sa'ar ƙanwarki ce ko ma 'yarki, zata gyara miki kuskure a gaban mutane, ranar farko zai miki ciwo sosai, ki riƙe littafinki ki rubuta gyaran ki tambaye ta abinda baki gane ba tun kafin a tashi.