Yadda Ake Jan Tattaunawa Kan The Catcher in the Rye Ba Tare da Zaman Ya Koma Musu Ba

Littattafai kaɗan ne ke haɗa masu karatu faɗa kamar The Catcher in the Rye, wanda J. D. Salinger ya wallafa a Amurka a watan Yulin 1951. Ka tara mutum goma su karanta shi, kafin zama ya yi nisa sun rabu gida biyu. Wasu za su ce Holden Caulfield, yaron da ke ba da labarin, ya faɗi abin da ke cin ransu tun suna 'yan shekara 16. Sauran su ce ɗan masu kuɗi ne da ƙoshi ya yi wa yawa, bai iya komai ba sai mita da kushe mutane. Haka littafin yake tun fil azal. A 1960 an kori wani malami daga aiki a Tulsa, jihar Oklahoma, don ya ba ɗalibansa shi, daga baya aka mayar da shi bakin aiki. A 2004 kuma mai sharhin littattafai na jaridar Washington Post, Jonathan Yardley, ya sake karanta shi ya yi masa kaca-kaca. To kada mai jan zama ya wahalar da kansa wajen sasanta ɓangarorin nan. Abin da zai yi shi ne ya hana su tsayawa a kan "yaron ya burge ni" da "yaron ya ishe ni", ya sa kowa ya buɗe littafi ya nuna inda ya samo maganarsa.

Kafin zaman farko

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. In aka wuce haka, mutum uku ne za su riƙe magana, sauran su zama 'yan kallo. A yi ƙoƙari a haɗa matasa da manya, domin ra'ayin mutum kan littafin nan yakan bi shekarunsa: ɗan shekara 17 yana jin zafin Holden, ɗan shekara 45 kuma iyayen Holden yake tausaya wa. Zaman da duk sa'o'in juna ne yakan mutu da wuri, don kowa ya yarda da kowa.

Babi 26 ne, kuma gajeru. A raba su zama huɗu, mako-mako, kowane zama awa ɗaya da rabi: babi 1 zuwa 7, sai 8 zuwa 14, sai 15 zuwa 20, sannan 21 zuwa 26. Rabon ya bi tafiyar labarin ne, wanda kusan gaba ɗayansa ya faru daga Asabar zuwa Litinin, gab da Kirsimeti. Lambar shafi tana bambanta daga bugu zuwa bugu, saboda haka a riƙa ambaton babi.

A faɗa wa mutane gaskiya tun kafin su sayi littafin. Akwai ashar, akwai giya da taba a hannun yaro, akwai karuwa a babi na 13, akwai kuma maganganun Holden kan addini a babi na 14 waɗanda ba kowa zai ji daɗinsu ba. Wanda ya shiga da saninsa ba zai tashi a tsakiya yana cewa an yaudare shi ba. In da 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙungiyar, a sanar da iyayensu tukuna. Sannan Turancin littafin na samarin Amurka ne na shekarun 1940, mai cike da maimaici da rantse-rantse. Wanda ya saba da Turancin makaranta zai ga kamar marubucin bai iya rubutu ba. Maganin wannan, a karanta shafi biyu na farko da babbar murya a zaman farko. Da kunne ya ji, mutum zai gane hira yaron yake yi, ba insha'i ba.

A tanadi ƙananan katuna da ambulan. A ƙarshen kowane zama kowa ya rubuta lamba daga 1 zuwa 5, gwargwadon yadda zai iya jure zama da Holden a ɗaki ɗaya, da jimla ɗaya ta dalili. A rufe, kada a buɗe sai zaman ƙarshe. Amfaninsa, mutane suna mance cewa ra'ayinsu ya sauya, su rantse tun farko haka suka ce.

Zaman farko: makaranta

A nan ake samun tsana mafi yawa, kuma a bar ta ta fito. An kori Holden daga makarantar kwana ta Pencey bayan ya faɗi darussa huɗu cikin biyar, kuma ba nan ce makarantar farko da ya bari ba. Ya mance takubban wasan ƙungiyarsu a jirgin ƙasa. Ya je sallama wurin tsohon malaminsa na tarihi, Mista Spencer, mutumin yana yi masa nasiha shi kuwa hankalinsa na kan agwagin tafkin Central Park, wurin shaƙatawa a birnin New York. Kusan kowa a wurinsa na bogi ne, alhali shi da bakinsa, a farkon babi na 3, ya ce ya fi kowa iya ƙarya. A ba mutane minti 20 su amayar da wannan duka.

Daga nan sai a ja su zuwa babi na 5, a sa mutum ɗaya ya karanta sashen safar hannun wasan ƙwallon besbol a fili. Stradlater, abokin ɗakinsa, ya roƙe shi ya rubuta masa insha'i kan ɗaki ko gida, shi kuma sai ya rubuta kan safar ƙanensa Allie, wadda yaron ya cika da waƙoƙi da koren tawada don ya sami abin karantawa a filin wasa in babu wasa a gefensa. Allie ya rasu da sankarar jini ranar 18 ga Yulin 1946, yana da shekara 11, Holden na da 13. A daren Holden ya kwana a gareji ya farfasa tagogi da hannunsa, har yau hannun ba ya dunƙuluwa sosai. Duk wannan bai wuce shafi biyu ba, kuma ya faɗe shi kamar wucewa. Masu karatun sauri da yawa ba sa lura. Tambayar da za a yi ita ce: me ya sa yaron da ya ɓata shafuka yana kwatanta ƙurajen fuskar maƙwabcin ɗakinsa Ackley ya taƙaita mutuwar ƙanensa haka? Kada mai jan zama ya amsa. Ya bar shirun ya yi aikinsa, ko da zai kai minti ɗaya.

Zama na biyu da na uku: New York

Wannan ne tsakiyar da ke gundurar mutane, bayan Holden ya bar makaranta ya tafi birnin New York. Za ka ji ana cewa ba abin da ke faruwa, yaro ne kawai yake yawo daga otal zuwa mashaya. Don kada a watse, a ba kowa aikin gida guda ɗaya: ya rubuta jerin duk mutanen da Holden ya nemi su zauna da shi ko su saurare shi, da yadda aka ƙare. Jerin yana da tsawo. Direbobin tasi biyu da ya gayyata su sha wani abu tare. Macen da ya buga wa waya tsakar dare bai ma san ta ba. Mata uku 'yan Seattle da suka tashi suka bar masa kuɗin abin da suka sha. Sunny, wadda aka turo masa ɗaki a otal ɗin Edmont, ya biya ta dala biyar ya ce hira kawai yake so, daga baya Maurice mai tuƙa lif ya zo ya naushe shi suka ƙwaci ƙarin biyar. Sally Hayes, yarinyar da yake fita da ita, wadda ya ce su gudu tare, sannan ya gaya mata magana ta fashe da kuka. Carl Luce, tsohon ɗan makarantarsu, wanda ya roƙa ya ƙara zama kaɗan. In aka rubuta jerin a allo, mai cewa yaron girman kai gare shi dole ya sake lissafi, mai kare shi kuma dole ya yarda cewa sau da yawa shi ke ɓata zaman da kansa.

A gefen jerin a rubuta suna ɗaya: Jane Gallagher. Yarinyar da ya fi damuwa da ita, wadda ya tuna tana jera sarakunanta a layin baya in suna wasan dara ta ƙi motsa su. Sau da dama yana cewa zai kira ta, sai ya ce ba ya jin yi yanzu. Da ya kira gidansu, mahaifiyarta ce ta ɗauka, ajiye wayar ya yi. Har littafin ya ƙare ba su yi magana ba. Wannan kaɗai ya isa muhawarar rabin awa.

A zama na uku kada a tsallake sistocin Katolika biyu na babi na 15, waɗanda ya ba sadakar dala goma ya kuma ji kunyar cin karin kumallo mai kyau a gabansu. Nan ne amsar mai cewa yaron bai san yana da gata ba. Ya sani, kuma abin yana damun sa, sai dai sanin bai sauya halinsa ba. Duka biyun gaskiya ne, a bar su a tebur. Sai gidan adana kayan tarihi a babi na 16, inda ya ce abin da yake so a wurin shi ne komai na nan yadda aka bar shi cikin gilashi. Ya taka har ƙofar, ya fasa shiga. A tambayi mutane dalili, a kuma haɗa da tambayar agwagin nan da yake ta yi wa direbobi, ina suke zuwa in tafki ya daskare.

Zaman ƙarshe

Phoebe, ƙanwarsa 'yar shekara 10, ita ce ta yi masa tambayar da masu tsanarsa ke son yi: ya faɗi abu ɗaya da yake so. A babi na 22 ke nan. Ya rasa amsa, tunaninsa ya tafi kan James Castle, yaron da ya faɗo ta taga ya mutu a tsohuwar makarantarsu, sannan ya ce Allie. Phoebe ta ce ai Allie ya mutu. Daga nan ya kawo hoton da littafin ya samo sunansa, yara suna wasa a gonar hatsi a bakin rami mai zurfi, shi yana tsaye yana cafke duk wanda zai faɗa. Ita ce kuma ta nuna masa bai ji baitin waƙar marubuci Robert Burns, inda ya samo hoton, daidai ba. A karanta babin gaba ɗaya a fili, mutum biyu, ɗaya Holden ɗaya Phoebe. Ba ya cin fiye da kwata na awa.

Babi na 24 yana buƙatar hattara. Holden ya farka a gidan Mista Antolini, malamin da ya fi girmamawa, ya tarar mutumin yana zaune a duhu yana shafa masa kai, sai ya fice da gudu. Wasu za su yanke hukunci nan take cewa malamin mugun nufi gare shi, wasu su ce tausayi ne na wanda ya sha ya yi nauyi. Littafin bai raba gardama ba, Holden ma da gari ya waye kokwanto ya shiga yi. Amma a nuna musu jimlar ƙarshen babin, inda ya ce irin wannan ya faru da shi kusan sau ashirin tun yana ƙarami. A ba wannan minti goma sha biyar, kada a wuce, kuma kada a kira sunan kowa a ce ya yi magana. Ba ka san abin da wani a ɗakin ya taɓa gani ba.

Bayan an tattauna Phoebe a kan lilon dawakai da Holden zaune cikin ruwan sama yana kallon ta, sai kowa ya rubuta katinsa na huɗu, a buɗe ambulan. Kowa ya karanta lambobinsa huɗu a jere ya faɗi babin da ya motsa shi. Wanda lambarsa ba ta motsa ba, shi ma ya kawo babin da ya tabbatar masa da ra'ayinsa. Kada a kaɗa ƙuri'a kan ko littafin mai kyau ne, don ƙuri'a tana mayar da mutane sansaninsu na makon farko.

Abubuwan da ke kashe zama

Na farko, likitancin baki. Da wani ya ce ai ciwon damuwa ne ke damun yaron, sai kowa ya gyaɗa kai hira ta mutu, tamkar an rufe tukunya da murfi. Gaskiya ne daga wani wurin jinya a Kalifoniya yake ba da labarin, yana da shekara 17, kuma ya ambaci likitan ƙwaƙwalwa da ke yi masa tambayoyi. Amma Salinger bai sa wa ciwon suna ba. In an kawo suna, a ce to a nuna mana alamar a wane babi.

Na biyu, tarihin marubuci. Salinger ya sauka gaɓar Normandy a Faransa da sojojin Amurka a Yunin 1944, ya yi jinya a asibiti a Jamus bayan yaƙin, daga baya ya keɓe kansa a Cornish, jihar New Hampshire, har ya rasu a 2010. Akwai kuma maganar da ba ta rasa mai kawo ta, cewa mutumin da ya harbe mawaƙi John Lennon a Disambar 1980 yana ɗauke da littafin. Duk waɗannan a ajiye su sai minti goma na ƙarshen zama na huɗu. In suka shigo da wuri, mutane sukan bar Holden su koma hirar yaƙi da kisan kai, kuma ba sa dawowa.

Sai mai mayar da kowace tambaya labarin ƙuruciyarsa. Littafin yana jawo haka, ba kuma laifi ba ne, amma a sa doka tun farko: minti biyu, sannan a haɗa da wani wuri a littafin. Wanda bai yi karatun makon ba kuwa ba shi da mafaka, don Salinger bai taɓa yarda a mayar da littafin fim ba. A bar shi ya saurara, a kuma ba shi aikin karanta sashe a fili.

In kuma wani matashi ya ce shi ne Holden sak, har ya fara maganar son ɓacewa ko gajiya da rayuwa, kada a tattauna shi a gaban jama'a kamar wani babi. Mai jan zama ya gode masa, ya ci gaba da zama, da an tashi ya same shi shi kaɗai, ya tambaye shi kai tsaye yadda yake, ya kuma tabbata wani babba da yaron ya amince da shi ko ma'aikacin lafiya ya san da maganar a ranar.