Yadda Ake Kafa Tashar Rediyon Sha'awa a Gida Tare da Daidaita Eriyarta

Mafi yawan waɗanda na gani sun shiga harkar rediyon sha'awa, wato yin magana da sauran masu lasisi ta rediyo don nishaɗi ba don kasuwanci ba, da ɗoki, sannan suka watsar da ita kafin wata uku, kuskurensu iri ɗaya ne. Sukan tattara duk abin da suka tara su zuba a kan akwatin rediyo mai tsada, sa'an nan su ɗauko ragowar waya su rataya a bakin rufin kwano su kira ta eriya. Idan suka yi kira babu mai amsawa, sai su ɗora wa akwatin laifi, alhali kuwa matsalar tana can sama a rataye. Saboda haka zan bi ta kan zaɓen kaya a gurguje, in daɗe a kan eriya, domin a nan ne ni kaina na yi asara.

Na ɗauka cewa ka riga ka mallaki lasisi da lambar kira daga hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarka, wadda za ta fara da 5N idan a Nijeriya kake, ko 5U a Nijar, ko 9G a Ghana. Wanda bai samu ba yana iya yin duk abin da ke ƙasa don saurare, amma kada ya danna maɓallin magana.

Mataki na farko shi ne ka yanke shawarar inda kake son muryarka ta kai. Ƙaramin oba-oba irin Baofeng UV-5R yana da araha ƙwarai, shi ya sa kowa yake farawa da shi, sai dai yana aiki ne a zangunan da ba sa wuce 'yan kilomitoci, kuma idan babu wani mai lasisi a garinku, za ka kunna shi ka ji shiru har ka gaji. A yankinmu, inda masu wannan sha'awa suke warwatse, gajeren zango ne kawai yake da ma'ana ga mai farawa. Ka nemi akwatin gajeren zango, ko da na gwanjo ne. Icom IC-7300 da IC-718 da Yaesu FT-891 duk suna fitar da wat 100, Xiegu G90 kuma wat 20 ne. A ganina wat 20 a kan eriya mai kyau ya fi wat 100 a kan wayar da aka rataya da ka, kuma mai wat 20 ba ya shanye batir. Idan na gwanjo za ka saya, kada ka biya sai an kunna shi a gabanka ka ga ƙarfin da yake fitarwa a kan ma'auni, domin akwatin da tiransistocinsa na ƙarshe suka ƙone yana ci gaba da kama tashoshi garau, ba za ka gane lahaninsa ta hanyar saurare ba. Duk kuɗin da ka ware, ka bar aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu domin kebul da ma'auni da batir.

Mataki na biyu shi ne wuta. Waɗannan akwatuna suna buƙatar bolt 13.8, kuma mai wat 100 yana iya jan fiye da amfiya 20 lokacin da ake magana. Ni dai ba na haɗa rediyo da janareta ko inbata. Batir mai jure dogon aiki, irin na sola, shi ne ƙa'idata, a ja waya mai kauri kuma gajera daga kansa kai tsaye, a sanya fis kusa da batirin. Ka duba ja da baƙi sau biyu kafin ka jona, domin juya su na daƙiƙa ɗaya ya isa ya lalata akwatin. Inbata da wasu na'urorin cajin sola suna zuba ƙara mai yawa a gajeren zango, don haka idan ka ji shuuu ya cika ko'ina, ka kashe su tukuna ka saurara kafin ka zargi wani abu dabam.

Yanzu sai eriya. Ka fara da mai reshe biyu, wato waya guda da aka raba a tsakiya, kebul ya shiga ta wurin rabuwar, kuma ka yanka ta domin zangon mita 20, wanda ya tashi daga megahaz 14.000 zuwa 14.350. Na zaɓi wannan zango ne saboda yana buɗewa da rana har zuwa maraice, kuma eriyarsa tana shiga tsakar gida na talaka, saɓanin ta mita 40 wadda take neman fili mai tsawon mita 20. Lissafin ba shi da wuya: ka raba 143 da lambar megahaz ɗin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon eriyar gaba ɗaya a ma'aunin mita. Idan ka raba 143 da 14.2 za ka samu kimanin mita 10.07, wato kowane reshe mita 5 da santimita 3. Amma kada ka yanka daidai wannan. Ka yanka kowane reshe mita 5 da santimita 25, domin rage waya abu ne mai sauƙi, ƙara ta kuwa aiki ne na haɗi da dalma wanda iskar damina za ta tsinka.

Wayar wuta ta tagulla da ake sa wa gidaje ta wadatar, muddin tagulla ce ta gaske ba ƙarfen da aka shafa wa launi ba. Guntun bututun roba na famfo ya isa ya raba rassan biyu a tsakiya, wasu guntaye biyu kuma su raba ƙarshen kowane reshe da igiyar da za ta ja shi. Kebul ya zama irin mai waya a cibiya da garkuwar saƙaƙƙiyar waya kewaye da ita, mai om 50, samfurin RG-213 idan aljihu ya yarda, ko RG-58 idan nisan bai wuce mita 15 zuwa 20 ba. Kebul ɗin dish na talabijin om 75 ne, kuma garkuwarsa galibi ta alminiyam ce wadda ba ta kama dalma, saboda haka ka bar shi duk da arharsa. Cibiyar kebul ta tafi reshe ɗaya, garkuwarsa ta tafi ɗaya reshen. Daf da wurin haɗin, ka naɗa kebul ɗin sau da yawa a jikin zoben ferrite, wato baƙin zobe mai tare sigina maras amfani, irin FT240-43, domin ya hana wuta ta biyo bayan kebul ta dawo ɗaki ta riƙa cizon leɓenka a kan makirufo. Sannan ka toshe wurin haɗin da kyau yadda ruwa ba zai shiga ba.

Wajen ɗaurawa, eriya irin wannan tana harba sigina ne ta gefenta, ba ta tsininta ba. Idan ka shimfiɗa ta daga gabas zuwa yamma, ƙarfinta zai tafi arewa wajen Turai, inda masu amsawa suka fi yawa, da kuma kudu. Tsayin da ya fi dacewa a wannan zango kusan mita 10 ne daga ƙasa, amma ko 7 ka samu ka gode. Idan sanda ɗaya gare ka, gora ko bututu, ka ɗaga tsakiyar a kanta ka sauko da rassan biyu kamar rufin bukka, kada dai ka matse su fiye da kusurwar digiri 90. Ka nisanta ta daga rufin kwano da tankin ruwa gwargwadon iyawarka, kuma ko kusa kada ka ɗaura ta inda za ta iya faɗawa kan wayar wutar lantarki idan igiya ta tsinke.

Ga matakin da yake kayar da mutane. SWR awo ne da ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta mayar wa akwati. Idan ya nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 ne kawai yake dawowa. A kan 2, kimanin kashi 11. A kan 3 kuwa, kashi 25. Akwatunan zamani sukan rage ƙarfinsu da kansu idan awon ya hau, tsofaffi kuwa da yawa ba su da isasshiyar kariya. Lokacin da na ɗaura eriyata ta farko, na shimfiɗa ta ne a tsayin ƙirjina tsakanin bishiyoyi biyu domin in ji daɗin yanka, na yi ta datsewa har awon ya sauka yadda nake so. Da na ɗaga ta sama, sai komai ya canza, domin kusancin ƙasa yana sa eriya ta yi kamar ta fi tsawonta, da ta rabu da ƙasa sai ta zama gajera. Ban sake aunawa ba. Na buɗe ƙarfin gaba ɗaya na yi ta kira a kan tsohon akwatin gwanjo, kuma kafin magariba ya daina fitar da komai. Na yi wata huɗu ina neman tiransistocin da za a maye gurbinsu da su. Tun daga ranar dokata ita ce, ba a auna eriya sai a tsayin da za ta zauna, kuma duk taɓawar da aka yi mata, sai an sake awo. Shi ya sa nake cewa ka sa ƙaramar gargare mai jan igiya a kan sandar tun farko, domin za ka sauke ka ɗaga sau biyar ko shida a yini guda.

Idan kana da ƙaramar na'urar auna eriya da ake kira NanoVNA, aikin ya zo da sauƙi, kuma kuɗinta bai kai na gyaran akwati ɗaya ba. Ka saita ta da ƙananan murafunta guda uku da take zuwa da su, ka sa ta duba daga megahaz 13 zuwa 15, ka jona kebul, za ka ga layi ya yi kwari a wani wuri. Wannan kwarin shi ne inda eriyar ta fi amsawa. Da tsawon da na ba ka, zai faɗo ne a wajen 13.6, ko ƙasa da haka idan wayar mai rigar roba ce, domin rigar tana sa a buƙaci waya mafi gajarta. Ka ninka tsawon rassan biyu a haɗe, wato mita 10.5, da lambar da ka samu, ka raba da lambar da kake so: 10.5 sau 13.6 a raba da 14.2 ya ba da kimanin 10.06, wato akwai rarar santimita 44, ko 22 a kowane reshe. Kada ka cire su duka a tashi ɗaya. Ka rage rabi, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, ka ɗaga ka sake aunawa, sannan ka ci gaba da santimita biyar biyar, daga baya bibbiyu. Ni nakan lanƙwasa rarar in murɗe ta a jikin reshen maimakon in datse, sai na gamsu sannan in sa almakashi. Kafin ka jona kebul a wannan na'ura, musamman da hunturu, ka haɗa cibiyarsa da garkuwarsa da wani ƙarfe na ɗan lokaci, domin busasshiyar iska mai ƙura tana tara wuta a jikin waya, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kashe ta.

Idan kuma ma'aunin SWR kawai gare ka, ka rage ƙarfin akwati zuwa wat 5, ka sa shi a salon watsawa na FM ko CW, tun da salon SSB, wanda ake hira da shi a gajeren zango, ba ya fitar da komai sai ana magana. Ka saurara ka tabbata babu kowa a wurin, sannan ka auna a wurare uku a cikin zangon: kusa da farkonsa, tsakiyarsa, da kusa da ƙarshensa. Idan awon ya fi sauka a farko, eriyar ta yi tsawo, sai a rage. Idan ya fi sauka a ƙarshe, ta yi gajarta. Da zarar ka samu 1.5 ko ƙasa a tsakiya, ka tsaya. Masu neman sai sun ga 1.0 su ne suke wuce gona da iri su lalata waya, alhali mutumin da ke sauraronka a Italiya ba zai ji bambanci ba. Abin da ya kamata ya tsorata ka shi ne awon da yake kwance lafiya lau a ko'ina ba tare da kwari ba, domin sau da yawa alama ce ta kebul da ya sha ruwa yana cinye ƙarfin a hanya. Awon da yake tsalle idan ka motsa kebul kuwa, kan kebul ɗin da ake jonawa, wato PL-259, shi ne bai kama dalma da kyau ba. Na'urar daidaitawa da ke cikin wasu akwatuna tana faranta wa akwatin rai ne kawai, ba ta gyara eriyar da aka yanka ba daidai ba, don haka ka kashe ta yayin duk wannan awo.

Game da yi wa akwati kwaskwarima, za a ba ka shawarar cire wani ɗan diyod domin ya riƙa watsawa a ko'ina. Kada ka yi. Lasisinka bai ba ka waɗannan wurare ba, kuma a cikinsu akwai na jiragen sama da na jami'an tsaro. Hasali ma, Afirka tana cikin yanki na 1 a rabon ITU, wato hukumar sadarwa ta duniya, inda zangon mita 40 ya tsaya a megahaz 7.200, na mita 2 kuma a 146, alhali akwatin da aka kawo daga Amurka zai bar ka ka kai 7.300 da 148, saboda haka kai ne za ka tsare kanka. Gyaran da yake da amfani shi ne ƙara fanka a bayan akwati saboda zafin bazara, da sanya zobban ferrite a wayoyin wuta da na kwamfuta.

Sauran aikin gajere ne. SSB iri biyu ne: a mita 20 ana magana da USB, a mita 40 da LSB. Ka yi mako guda kana saurare kafin ka fara kira, ka faɗi lambar kiranka a hankali da kalmomin haruffa da aka saba irin su Alfa da Bravo, ka rubuta kowace ganawa da lokacin duniya na UTC, wanda agogon Nijeriya da Nijar ya fi shi da awa ɗaya. Ka kafa sandar ƙarfe a ƙasa ka haɗa jikin akwatin da ita. Da damina kuma, da zarar hadari ya taso, ka cire kebul daga akwatin ka fitar da kansa waje, haka nan duk daren da za ka kwanta.