Yadda Za Ka Zaɓi Hotunan Koyon Zana Ƙafar Mutum

Fara da taka ƙafar. Cire takalmi, zauna bakin taga inda haske ke shigowa ta gefe guda, ka ɗauki hotonta da waya: ta sama, ta gefe, ta wajen diddige, sannan tafin. Kada ka kunna fitilar waya, inuwa take kashewa.

Daga nan nemi hoton ƙwarangwal. Ƙashi 26 ne a ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu. Lura da idon sawu, na ciki ya ɗan fi na waje hawa sama.

Sai ka tara ƙafafu iri-iri: ta jinjiri, ta dattijo mai kaushi da faso, ta wanda ke tsaye nauyi ya baje masa yatsu. Hotunan tallar man shafawa kuwa ka rabu da su, an goge jijiyoyin tas.

Kwaikwayon zanen wasu, bari sai hannunka ya faɗa.