Yadda Za Ka Zaɓi Rauta da Suwic don Intanet na Gida

Kafin ka biya kuɗin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, juya bayanta ka duba ramukan da ake soka wayar intanet (kebul). Idan an rubuta 10/100, kada ka saye ta: ko layinka na kawo megabit 300, ba za ta wuce 100 ba. Nemi mai gigabit, wato 1000.

Sai zangon Wi-Fi. Na 2.4 GHz ya fi ratsa bango, amma cunkoson maƙwabta na rage masa gudu. Na 5 GHz ya fi sauri, sai dai katangar bulo biyu kan raunana shi sosai. Sayi mai duka biyun, ka ɗora ta a sama a tsakiyar gida, kada ka ɓoye ta bayan talabijin.

Suwic, wato akwatin da ake haɗawa da rauta, aikinsa ƙara ramuka kawai. Mai rami 8 na gigabit, wanda ba ya buƙatar saiti, ya wadatar. Ka tuna rami ɗaya na wayar da ta fito daga rauta ne. In za ka sa kyamarorin tsaro, ɗauki mai PoE, wato mai ba kyamara wuta ta cikin wayar intanet, ka lissafa wat ɗin da kowace kyamara ke ci.

Wayar intanet ce ke yawan jawo matsala. Yi amfani da waya nau'in Cat5e ko Cat6 ta jan ƙarfe zalla, kada tsawonta ya haura mita 100. Gigabit na buƙatar silla takwas ɗin da ke cikin wayar duka. Ɗaya ta kuskure a kan filogi, gudun yakan faɗo zuwa 100.

Saboda ɗauke wuta, haɗa rautar da ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, bayan ka tabbatar ƙarfin wutarsa, galibi bolt 12, ya dace da nata.